Ɗan akwatin MikroTik da WireGuard: yadda na jawo kwamfutar Landan cikin shagon Kawu a Sakkwato

Kawuna yana sayar da takin zamani da maganin feshi da injinan ban-ruwa a kusa da Sabuwar Kasuwa, yana kuma da sito a hanyar Kalambaina inda manyan motoci ke sauke kaya. Ni ne mai kula masa da kwamfutoci. Ba ɗaukata aiki ya yi ba, ɗan ƙanwarsa ne ni, kuma a gidanmu duk wanda ya karanta kwamfuta shi ne mai gyaran waya da rimot da fankar da ta ƙi juyawa. Abin da zan ba da labarinsa a nan shi ne haɗin da na yi masa a watan Nuwamban 2023, wato manhajar WireGuard, mai haɗa kwamfutocin da ke nesa da juna ta ɓoyayyar hanya a intanet, a kan rautar MikroTik samfurin hEX, ɗan akwatin da ke raba intanet ga na'urori. Yanzu ta ga bazara biyu a Sakkwato, saboda haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina a kanta.

Asalin maganar bashi ne. Manoman albasa daga Wurno da Goronyo da Kware suna zuwa da farkon noman rani su ɗibi taki da magani, ba su biya sai an cire albasa. Duk lissafin wa ya ɗauki me yana cikin wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburin akawu, tana shaƙar ƙurar hunturu shekara da shekaru. Wata safiya aka kunna ta, ta yi ƙara kamar ana niƙan tsakuwa, shi ke nan. Kwafin ƙarshe da ke cikin filashina ya yi mako uku. Lissafin mako ukun nan da rasit ɗaya-ɗaya muka sake gina shi, ni da akawu, dare huɗu. Daga nan na ce wa Kawu mu kai abin nan gajimare.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, ba wani sihiri ba ne. Kamfani ne yake da manyan kwamfutoci a gini mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, sai ya yanka maka wani ɓangare na ƙarfin ɗaya daga cikinsu, ka riƙa amfani da shi tamkar kwamfuta sukutum, kana biya duk wata. Hayar ɗaki ce a gidan wani. Tamu tana Landan. Da farko na yi tunanin Afirka ta Kudu tunda nahiya ɗaya muke, kuma Microsoft ta buɗe cibiya a can tun 2019, AWS, reshen gajimare na kamfanin Amazon, ta bi a 2020. Amma da na gwada daga layinmu sai na ga Landan ta fi saurin amsawa. Dalili kuwa wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, irin su MainOne da Glo-1 da aka shimfiɗa a 2010, Turai suka nufa, Fotugal da Ingila. Kusancin intanet ba na taswira ba ne, na waya ne.

Ɗora manhajar lissafin a can bai ɗau yini guda ba. Ba nan gizo ke saƙa ba. Kwamfutar tana Landan, firintar rasit tana kan kanta a Sakkwato, kuma babu wanda ya san ɗan'uwansa. Ga kuma kwamfutocin shago uku da ta sito ɗaya da ke buƙatar isa gare ta.

A nan na tafka kuskuren farko, kuma gara in faɗa don kada wani ya maimaita. Na buɗe ƙofar shiga kwamfutarmu ta Landan, mai Windows, daga nesa, ƙofa mai lamba 3389, ga duniya gaba ɗaya, na ce ai kalmar sirrina mai tsawo ce. Bayan kwana biyu na leƙa rajistar shiga, na yi ta gangarawa ban kai ƙarshe ba. Gwaji ne a kan gwaji, daga adireshin ƙasashen da ban taɓa sanin wani a cikinsu ba, dare da rana, ana cankar sunan mai gida da kalmar sirri. Ba mutane ba ne ma, manhajoji ne da ke yawo suna taɓa kowace ƙofa su ji ko a buɗe take. Ba su shiga ba, amma gumi ya karyo mini. A daren na rufe.

Hanyoyin da ake bi a haɗa gajimare da netwok na zahiri ba su da yawa. Akwai layi na musamman da ake ja maka, wanda AWS ke kira Direct Connect, Microsoft kuma ExpressRoute. Wannan na bankuna ne da kamfanonin waya, ba na mai sayar da taki ba. Akwai bututu, wato ɓoyayyar hanyar da ake haƙawa a cikin intanet tsakanin wurare biyu, mai bin tsarin da ake kira IPsec, wanda kamfanin gajimaren ke kula maka da shi. A AWS santi 5 ne duk awa, wato kusan dala 36 a wata kan haɗi ɗaya, kafin a zo kuɗin data. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala 36 ba abin da ake faɗa wa Kawu ba ne bayan ya ci abinci. Sai hanya ta uku: ka hayi ƙaramar kwamfuta mafi araha a gajimaren, mai Linux (manhajar tafiyar da kwamfuta ce kamar Windows), ka mai da ita mai tsaron ƙofa, ka haƙa naka bututun da kanka. Ita na bi.

WireGuard kyauta ce, lambobinta a buɗe suke ga kowa. Jason Donenfeld ne ya rubuta ta, kuma an shigar da ita cikin zuciyar Linux a sigar 5.6, a watan Maris na 2020. Abin da ya ja hankalina shi ne ƙanƙantarta. Layukan lambobinta kusan 4,000 ne kacal, kuma duk saitin da na rubuta a gefen Landan bai cika rabin shafi ba. Kowane ɓangare yana da mabuɗi biyu, na sirri da ba ya barin na'urar, da na bayyane da ake miƙa wa ɗaya ɓangaren. Babu sunan mai amfani, babu kalmar sirri. Wanda ya san wahalar daidaita IPsec tsakanin na'urori biyu na kamfanoni daban-daban, inda saɓanin lamba ɗaya cikin goma ke hana ka barci, zai gane me ya sa na kusan yin guɗa.

Ita kuwa rautar, 'yar kamfanin MikroTik ce na ƙasar Latbiya. Ɗan akwati ne da ya ɗan fi tafin hannu, mai ramin waya biyar, ba shi da fanka, ba shi da wayafai. Farashinsa a wurin masu shi kusan dala 60. Biyu na saya, ɗaya shago ɗaya sito. Da na ajiye a gaban Kawu ya ɗaga ya juya shi, ya auna nauyinsa a hannu kamar mai sayen goro.

"Wanga ɗan abu na munka sawo da kuɗin ga?"

"Shi ne, Kawu."

"To Allah shi sa albarka," in ji shi, da muryar wanda bai sa rai ba.

Wanda zai saya ya lura da abu ɗaya: WireGuard sai a siga ta 7 ta RouterOS take, wato manhajar da ke tafiyar da rautar. In ka sami tsohon kaya da ya daɗe a kanta mai siga ta 6, sai ka sabunta tukuna, in ba haka ba za ka yi ta lalube a cikin Winbox, manhajar saita rautar, kana neman abin da babu.

Abu na farko da na ci karo da shi shi ne cewa shagonmu ba shi da adireshi a intanet. Adireshin da rauta ta samu daga kamfanin layi ya fara da 100, amma in na shiga shafin da ke nuna wa mutum adireshinsa sai in ga wata lamba daban. Adireshin IP na tsohon tsari kusan biliyan 4.3 ne a duniya, sun kuma ƙare, saboda haka kamfanonin layi ke tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya. Zangon da ya kama daga 100.64 zuwa 100.127 an ware shi ne musamman don wannan tun 2012. Layukan waya haka suke yi, Starlink ma da ya shigo Nijeriya a farkon 2023 haka yake yi wa masu ƙaramin tsari. Ma'anarsa kamar gidan haya ne mai ɗaki ɗari da ƙofa ɗaya. Mai gadi ba ya barin baƙo ya shiga, sai dai amsar aiken da wani na ciki ya tura. Ke nan Landan ba za ta taɓa iya kiran shago ba. Shago ne zai kira Landan, ya kuma riƙe layin.

A nan WireGuard ta burge ni. A gefen Landan ba sai ka rubuta inda shago yake ba, mabuɗinsa kawai za ka sa. Duk inda saƙo mai wannan mabuɗin ya fito, can za ta mayar da amsa. Sai dai ita mai shiru ce, in babu abin aikawa ba ta cewa uffan, kuma in shirun ya yi tsawo mai gadin nan sai ya manta da kai ya rufe ƙofa. Maganinsa saiti ɗaya ne da ke sa rauta ta yi ɗan gyaran murya duk daƙiƙa 25. Kafin in sa shi, rasit yakan fita da safe ana hada-hada, amma bayan azahar da kasuwa ta lafa, sai akawu ya danna bugawa firinta ta yi tsit. Tun da na sa, ban sake jin wannan ƙorafin ba. Wannan halin nata na bin mabuɗi ba adireshi ba ya sake yi mana rana daga baya, da na ƙara layi na biyu a shago. In na farko ya faɗi rauta ta koma na biyun, bututun yakan farfaɗo da kansa kafin akawu ya gama tsaki.

Yanzu ga inda na sha wuya, kuma don shi ne ma na zauna rubuta wannan.

Bututu ya haɗu cikin minti ashirin. Daga rauta na yi ping, wato ɗan saƙon gwaji na “kana nan?”, zuwa kwamfutar Linux, ta amsa. Na ce alhamdulillahi, na tashi na yi sallar isha'i. Na dawo na gwada daga kwamfutar akawu zuwa ta Windows mai ɗauke da lissafin, wadda ke maƙwabtaka da ta Linux a can Landan. Shiru. Na sake duba mabuɗai, lafiya lau. Na kashe na kunna. Shiru. An rufe kasuwa, mai gadi ya leƙo sau biyu yana tambaya ko lafiya, na aiki yaro ya sawo mini shayi da burodi, ina zaune ni da sauro.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne saƙo a netwok ba ya tuna hanyar da ya biyo. Zuwa daban, dawowa daban, kuma kowace na'ura a kan hanya sai an gaya mata duka biyun. Ni kuwa zuwa kawai na gina, shi ma da giɓi. Giɓin farko a rauta yake. Akwai layin da ake kira AllowedIPs, inda kake lissafa zangon adireshin da ke bayan ɗaya ɓangaren. Aiki biyu yake yi: yana faɗin abin da za a tura ta bututun, yana kuma faɗin abin da za a yarda ya fito daga cikinsa. A Linux, in ka tayar da bututun da umarnin wg-quick, shi ke rubuta maka hanya a teburin hanyoyi. A RouterOS kuwa sai ka rubuta da hannunka. Na rubuta. Giɓi na biyu, Linux ba ta miƙa saƙon da ba nata ba sai ka ba ta izini, ta hanyar mai da wani saiti daga 0 zuwa 1. Na mayar. Har yanzu shiru.

Wajen ƙarfe biyu na dare na buɗe tcpdump, manhajar da ke nuna duk saƙon da ke shiga da fita, a kwamfutar Linux, na zuba wa allo ido. Ga saƙon akawu nan yana shigowa ta bututu, layi bayan layi, kowace daƙiƙa ɗaya. Ga shi yana fita ta ɗaya ƙofar zuwa ga Windows. Babu ko ɗaya da ke dawowa. Sai a lokacin kaina ya waye. Windows tana karɓar saƙo daga wani adireshi na Sakkwato da ba ta san unguwarsu ba, sai ta miƙa amsar ga babbar ƙofar kamfanin gajimare, ita kuma ta duba ta ga ba ta san wurin ba ta zubar. Kamar ka aiki yaro da wasiƙa ba ka rubuta inda za a kawo amsa ba.

Gyaran yana cikin shafin kamfanin gajimaren, ba a cikin kwamfutocin ba. Sai ka shiga teburin hanyoyi na netwok ɗinka na can ka rubuta cewa duk abin da za shi zangon shago a bi da shi ta kwamfutar Linux. Sannan akwai wani tarko. Manyan kamfanonin ba su yarda kwamfutar haya ta ɗauki saƙon da ba sunanta a kai ba, sai ka cire takunkumin da kanka. A AWS binciken mafari da mazaunin saƙo ne ake kashewa a kan wannan kwamfutar, a Google Cloud da Azure kuma izinin miƙa saƙo ake kunnawa. Suna daban, abu ɗaya. Bayan wannan ma sai da na buɗe wa zangon shago hanya a katangar tsaron Windows, don ita ma ba ta amsa ping ɗin baƙo haka kawai. Ana kiran assalatu amsar farko ta bayyana a allo.

Akwai gajerar hanya da za ka gani ana ba da shawara: ka sa Linux ta lulluɓe duk saƙon shago da nata adireshin, Windows ta ɗauka maƙwabciyarta ce ke magana. Tana aiki, kuma da ita da na yi barci a daren. Amma ta gefe ɗaya ce. Shago zai isa Landan, Landan ba za ta iya fara magana da firinta ba, kuma a rajista kowa zai fito da fuska ɗaya, ba za ka san kwamfutar akawu ce ta goge lissafi ko ta yaron sito ba. A harkar da bashi ne jarinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da na je haɗa sito sai wata ta ɓullo. Rautocin biyu duka sun zo da zango ɗaya daga masana'anta, 192.168.88, ni kuma ban canja ba. Unguwa biyu masu suna ɗaya da lambobin gida iri ɗaya, ina ɗan aike zai nufa? Dole na sake wa komai lamba: shago 10.20.1, sito 10.20.2, Landan 10.30.0. Na'urorinmu ba su kai ashirin ba amma sai da ya ci mini Lahadi guda, saboda na'urar kyamarori da firinta duk da hannu aka sa musu adireshi. Wanda zai fara, ya zauna da biro da takarda ya raba zangon nan tun kafin ya sayi komai. Ya kuma guje wa 192.168.0 da 192.168.1, don kusan kowace rautar gida da su take zuwa, ranar da ya so shiga daga gida za su yi karo.

Firinta kuma ba za ta bayyana da kanta ba. WireGuard saƙo mai adireshi kawai take ɗauka, ba ta ɗaukar shelar da na'urori ke yi wa juna a cikin netwok ɗaya, irin ta “ga ni nan, ni firinta ce”. Sai na sa adireshinta da hannu a Windows, ƙofa ta 9100. Minti biyar. Ana iya shimfiɗa wani bututun a cikin bututun don wurare biyu su zama tamkar waya ɗaya ce ta haɗa su, MikroTik na da nata mai suna EoIP, amma ban ga dalilin kwasar surutun na'urorin shago ina kaiwa Landan da kuɗin datarmu ba.

Matsalar da ta fi ɗaure mini kai ta zo bayan mako guda. Ping lafiya, shiga manhaja lafiya, ƙaramin rasit lafiya, amma da akawu ya nemi dogon rahoton masu bashi sai allo ya sandare. Ashe girman ƙunshi ne. Ƙunshin saƙo a waya ba ya wuce bayit 1500, WireGuard kuma tana naɗe kowanne da nata mayafin, shi ya sa take barin 1420. Layin shago bai kai 1500 ɗin ba tun asali, saboda haka ƙananan ƙunshi na wucewa, manya na maƙalewa kamar tirela a lungun Tsohuwar Kasuwa. Na rage zuwa 1380, na kuma sa rauta ta riƙa gaya wa kowane haɗi ya rage lomarsa. Ya wuce.

Ta fuskar juriya ba ni da abin cewa sai yabo. Akwatin yana karɓar wuta daga bolt 8 zuwa 30, don haka na yar da adaftarsa na ja masa waya kai tsaye daga batirin sola, da ɗan fiyus a tsakani. A ɗauke wuta a kawo, bai sani ba. Masu shi sun ce yana jure zafi har digiri 60. Ban auna ba, amma na sito yana maƙale a bango ƙarƙashin kwano, kuma duk wanda ya san Afrilun Sakkwato, lokacin da ake haura digiri 40 a inuwa, ya san me wannan ke nufi. In ka taɓa shi da rana za ka janye hannu. Bai taɓa sandarewa ba. Gudunsa kuma ya fi ƙarfin layin da muke da shi nesa ba kusa ba.

Sau ɗaya bututun sito ya ƙi tashi, kuma wayona ne ya ja. Mai gadi ya cire wayar don ya yi cajin tocila, da ya mayar rauta ta tashi da tsohon lokaci, domin irin waɗannan ƙananan akwatuna ba su da batirin agogo. WireGuard kuwa tana sa hatimin lokaci a gaisuwarta, ɗaya ɓangaren yana riƙe da na ƙarshe da ya gani, duk wanda ya zo da lokacin da ya gabace shi sai ya ɗauka ɓarawo ne ke maimaita tsohuwar gaisuwa, ya share shi. Da rauta ta tambayi lokaci a intanet da ta gyara kanta. To ni da iyawata na toshe mata kowace hanya na ce ta riƙa tambayar Landan, ta cikin bututun. Ba bututu sai da lokaci, ba lokaci sai da bututu. Sai da na hau kabu-kabu na je har can.

Ranar ce na fi jin nauyin shirunta. Duk saƙon da bai zo da mabuɗin da ta sani ba, ba ta amsa shi ko da “a'a”. Ta fuskar tsaro wannan alheri ne, masu taɓa ƙofofin nan ba su ma san akwai ƙofa a wurin ba. Amma ranar da kai mai gida ka yi kuskure, kai ma shirun za ka samu. Ba za ta ce maka mabuɗi ne ko lokaci ne ko katanga ce ba. Abin dubawa ɗaya ne, yaushe aka yi gaisuwar ƙarshe. In ana aiki takan sabunta kusan duk minti biyu, in ka ga ta haura haka sosai, to tashi. Haka nan ba ta da wani shafin kula da ma'aikata. Da wani yaronmu ya bar aiki, da hannu na shiga na goge mabuɗin wayarsa. Mu da ba mu kai mutum goma ba wannan ba komai ba ne. Mai ma'aikata hamsin zai gaji.

Sai ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi na huɗu. Da hantsi komai ya yi nauyi. Bututu na nan a haɗe amma kamar ana jan ruwa da zare. Na zargi layinmu, na koma na biyu, duk ɗaya. Can labari ya bazu cewa wayoyin teku huɗu ne suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Bankuna ma ranar sun ji a jikinsu. Manoma na tsaye a bakin kanta da ƙishirwar azumi, akawu na kallona.

Kawu ya fito daga ciki. "Mi yah hwaru, ɗana?"

"Kawu, waya ce ta tsinke a cikin teku."

Ya yi shiru yana dubana. Sannan ya buɗe durowa ya ciro babban littafinsa mai baƙin bango, wanda na sha ce masa ya daina wahalar da kansa da shi, ya ajiye a gaban akawu, ya koma ciki bai ƙara ko kalma ba. Tun 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga, ya ƙudurta cewa ba zai taɓa jingina dukiyarsa gaba ɗaya a kan sabis ba. Ban da ta cewa. Ba laifin WireGuard ba ne, ba na akwatin ba ne, amma duk mai shirin kai lissafinsa ƙetare ya sa wannan a ma'auni. Abin da na yi bayan nan shi ne na ajiye wata ƙaramar kwamfuta a shago, kullum ƙarfe ɗaya na dare tana jawo kwafin rumbun lissafin ta cikin bututun, duk Alhamis kuma akawu na buga jerin masu bashi a takarda.

Abu ɗaya da har yau bai yi mini daɗi ba shi ne kyamarorin sito. Kawu na son ya zauna a shago yana kallon ana sauke taki. Shago da sito duk suna bayan mai gadin kamfanin layi, babu mai iya kiran wani, sai dai su haɗu a Landan. Hoton buhun da ake saukewa a hanyar Kalambaina sai ya gangara Legas, ya bi teku ya je Ingila, ya juyo, kafin ya iso kusa da Sabuwar Kasuwa, tafiyar da mai mashin ke yi kafin shayi ya huce. Data na ƙonewa a layi biyu, kamfanin gajimare kuma na lissafa abin da ya fita daga wurinsa. Na rage ingancin hoton, yanzu Kawu na ganin buhu amma ba ya iya karanta tambarinsa, yana kuwa mita.

Wanda wannan ce babbar buƙatarsa, ko wanda ba ya son kwana a kasuwa da tcpdump, ya duba Tailscale. A kan WireGuard aka gina ta, ita ke raba mabuɗai, tana kuma ƙoƙarin huda wa na'urori biyu hanya kai tsaye ko da duk suna bayan mai gadi, in ta kasa ne take bi da su ta tashoshinta. Na sa wa wani abokina mai shagon magani a Mabera, kafin la'asar mun gama. Ni dai na tsaya a kan nawa ne don ba na son shigar shagon Kawu ta rataya a kan asusun wani kamfani na uku, kuma yanzu na san kowane lungu na abin da na gina. Duk wata, abin da haɗin ke ci mana shi ne kuɗin ƙaramar kwamfutar Linux da adireshinta na bayyane guda ɗaya. Yanzu ta Windows ba ta da adireshin waje kwata-kwata, wanda bai biyo ta bututu ba bai san tana duniya ba.

Abin da nake nazari yanzu shi ne dawo da kwamfutocin Legas. AWS ta buɗe ƙaramin reshe a can a 2023, akwai kuma kamfanonin gida masu karɓar naira, wanda shi kaɗai ma zai raba ni da ciwon kan neman dala duk ƙarshen wata. Amma sai na gwada daga layukanmu biyu tukuna, domin kasancewar kwamfuta a Legas ba ya tabbatar da cewa saƙonka ba zai zaga ta Turai ba, sai in kamfanin layinka da nasu suna haɗuwa a gida, a irin IXPN, mahaɗar da kamfanonin intanet na Nijeriya ke musayar saƙo. In ya yi kyau, sauyin ba wuya: sabuwar Linux, mabuɗan nan dai, in canja adireshi ɗaya a kowace rauta. Na kai wa Kawu maganar makon jiya bayan magariba. Ya ce kada in kuskura in taɓa ko waya ɗaya sai an cire albasa mutanen Goronyo sun biya.